Kwikwiyon gadi da tukunyar fujer: abin da ya faru a wani gida a Maraɗi

Tambayar da aka kawo gajeriya ce: shin fujer, shukar adon nan mai ganye lif-lif da ake jerawa a baranda, tana cutar da kare? Mai dubawa a salula zai ga wasu sun ce ba ta da komai, wasu sun ce guba ce, kuma duka ɓangarorin ba ƙarya suka yi ba. Abin da ya faru a wani gida na unguwar Ali Ɗan Sofo a bazarar da ta wuce ya nuna inda amsoshin biyu suka rabu.

Gidan da karen

Gidan wani ɗan kasuwa ne, mai doguwar katanga da ƙofar ƙarfe da gardi a bakinta. Bayan ɓarayi sun haura gidan maƙwabta, Alhaji ya sa aka samo masa kwikwiyo ruwa biyu: uwarsa karyar gida, ubansa irin na Turawa masu tsayayyun kunnuwa. Lokacin da abin ya faru watansa 5. Kamar yadda aka saba a gidajenmu, kare ba ya shiga ɗaki. Da rana yana ɗaure, da dare a sake shi ya zaga. Abincinsa ragowar tuwo da shinkafa, wani lokaci ƙashi daga wurin mahauta. An yi masa allurar haukan kare da ta mugunyar gudawar kwiyakwiyai, kuma karnen alluran, wato ƴar takardar shaidarsu, yana hannun babban ɗan gidan, wanda shi ne mai ɗawainiya da shi.

Hajiya kuwa ma'abociyar shuke-shuke ce. Cikin tukwanen da ta tara akwai biyu da mai sayarwa a bakin titi ya ce mata fujer ne, daga Najeriya ake kawo masa ta hanyar Ɗan Issa. Ɗaya ba ta ga ƙarshen hunturun farko ba, ganyenta ya ƙone daga baki, ya bushe, ya kakkarye. Ɗayar ko a jikinta. Ta yi ta bunƙasa, rassanta suka zubo daga bakin tukunya har suna jan ƙasa, ta fitar da ƴan mitsi-mitsin fararen furanni, daga baya ta yi ƴaƴa koraye girman ƙwayar wake, suka nuna suka koma jawur. Hajiya tana alfahari da ita, duk baƙuwar da ta zo sai an nuna mata.

Zafi ne ya haɗa kare da shukar. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke wuce digiri 40, tsakar gidan da aka shafe da siminti ba ta takuwa. Inuwa ɗaya ce mai daɗewa a gidan, bayan kicin, gindin dogon yaro, kusa da pampo. Can aka kwashe tukwanen aka kai don kada su ƙone, can kuma gardi ya matsar da turken kwikwiyon don tausayi. Ana ba shuka ruwa safe da yamma, ƙasan tukwanen kullum da damshi, kwikwiyo ya samu wurin shimfiɗa ciki. Ga shi kuma yana famfara, haƙoran nono suna zubewa, dasashi na ƙaiƙayi, duk abin da bakinsa ya kai sai ya tauna: takalmi, tiyo, igiya, reshe.

Alamun da aka gani

Alamar farko ba wanda ya danganta ta da shuka. Kimanin mako 2 da komawarsa inuwar, fatar cikinsa da matsematsinsa ta yi ja da ƙananan ƙuraje, yana ta susa da lasa. Aka ce ƙuma ce ko kaska. Aka duba, aka cire kaska biyu a kunne, aka yi masa wanka, susa ba ta daina ba.

Ranar da hankali ya tashi, da hantsi ne gardi ya ga ya yi amai sau biyu, yawu na dalala daga bakinsa, ya ƙi kallon kwanon abinci. Kafin azahar zawo ya biyo baya. Yana kwance ya takure, in an taɓa cikinsa sai ya yi ƙara. Gardi, wanda ya taso da karnukan farauta a ƙauye, ya yi abin da ya sani: ya dama madara ya ɗura masa, ya bi da cokalin manja. Yana shirin haɗa ruwan gishiri don ya amayar da sauran abin da ke ciki ɗan gidan ya dawo ya hana. Wani maƙwabci da ya leƙo ya ga yawun nan, bai yi wata-wata ba ya ce: "Alhaji, wannan hauka ce. A kashe shi tun bai ciji yaro ba."

Tsoron maƙwabcin ba na banza ba ne. Haukan kare yana nan a ƙasarmu, kuma da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum da wuya a tsira. Wanda kare ya ciza, abin yi shi ne ya wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, ya tafi asibiti a ranar. Amma dalalar yawu kaɗai ba hauka ba ce. Kare in zuciyarsa na tashi yawu yake zubarwa. Wannan kwikwiyon ya san mutanensa, yana kaɗa wutsiya a raunane, yana iya haɗiyar ruwa, ba kare da ya taɓa cizonsa, ga kuma shaidar allura a karne. Da ba don wannan ƴar takardar ba, ina jin da an gama da shi kafin la'asar.

Ɗan gidan ya yi abu guda da ya sauƙaƙa aikin gaba ɗaya. Kafin a share aman, ya tsuguna ya tona shi da tsinke. A ciki ya ga ɓawon wani abu ja, da ƴan baƙaƙen ƙwayoyi masu tauri, da guntayen koren abu siri-siri. Ya ɗaga kai ya dubi tukunyar mahaifiyarsa: reshen da jiya yake cike da jajayen ƴaƴa ya zama fayau. Ya ɗauki hoton aman, ya karyo reshe guda (ƙaya ta soke shi a yatsa wajen karyowa), ya sa a leda, suka ɗauki kwikwiyon a bayan mota sai wurin likitan dabbobi.

Yadda likita ya bi lamarin

Likita bai fara da reshen ba, kuma a ganina daidai ya yi. Kwikwiyo mai wata 5 da amai da zawo a Maraɗi, akwai abubuwan da suka fi shukar ado saurin kisa, su ya kamata a fara korewa.

Na farko ciwon da ake kira parvo, wanda ya fi kama kwiyakwiyan da ba su wuce wata 6 ba kuma ba a yi musu rigakafi ba. Zawonsa da jini yake zuwa, da wani irin wari mai tsanani, da zazzaɓi, kare ya yi laushi ƙwarai. Likita ya auna zafin jiki ya same shi cikin iyakar lafiyayyen kare, wato tsakanin digiri 38 da 39 da ɗan ɗoriya. Zawon ba jini, karne ya nuna an yi allurar.

Na biyu gubar da muke ajiyewa da hannunmu. Ya tambaya ko an zuba maganin ɓera, ko an yi feshin piya-piya, ko an sa wa tukwanen taki ko maganin ƙwari kwanan nan. Gubar feshi tana sa yawu mai yawa, jiki ya yi ta karkarwa, ƙwayar ido ta tsuke, numfashi ya yi wuya. Maganin ɓera irin mai tsinka jini kuwa ba ya nuna kansa a ranar, sai bayan ƴan kwanaki a ga dasashi ya yi fari, jini na fita ta hanci ko ta bayan gida. Ya ɗaga leɓen kwikwiyon, dasashi na nan da jansa. Idanu lafiya, ba karkarwa.

Na uku abinci. Ya tambayi abin da ya ci jiya da shekaranjiya, musamman ko ragowar tana da albasa da yawa. Mutane da dama ba su san albasa da tafarnuwa, ɗanyu ko dafaffu, suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare ba, alhali miyarmu ba ta rabuwa da su.

Sai bayan haka ya zazzage ledar a kan tebur. Ya juya reshen, ya shafa ƙayar, ya fasa ɗan ja guda da farce, baƙar ƙwaya ta fito, irin wadda ke cikin hoton. Ya ce wa ɗan gidan: "Ka gaya wa Hajiya wannan ba fujer ba ce."

Maganin bai da yawa. Ya ja fatar wuyan kwikwiyon ya saki, ta ɗan yi jinkirin komawa, alamar ruwan jiki ya fara raguwa. Ya yi masa allurar tsayar da amai, ya sa masa ruwa ta ƙarƙashin fata, ya ce a huta da abinci na ƴan awoyi, a riƙa ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, sannan a fara da farar shinkafa da dafaffen naman kaza, ba mai, ba magi, ba yaji. Ya yi faɗa a kan madarar: karnuka da yawa bayan yaye ba sa narkar da ita sosai, sai ta ƙara zawo. Ruwan gishirin da aka so ɗurawa ya fi ƴaƴan da aka ci haɗari, don gishiri mai yawa a jikin da ruwansa ya ragu yana iya taɓa ƙwaƙwalwa ya kawo farfaɗiya. Ya kuma ja kunne kada a sayo parasetamol ko ibuprofen a farmasi a ba shi, domin maganin ciwon jikin mutum yana iya lalata hanta ko ƙoda ko tumbin kare.

Washegari amai ya tsaya. A kwana na biyu kashinsa ya fara ɗaurewa, ya koma haushin masu tallar da ke wucewa.

Wace shuka ce ke nan

Sunanta a wurin masana tsirrai Asparagus densiflorus, asalinta kudancin Afirka. Ba ta da dangantaka da fujer ko kaɗan, kama ce kawai ta sa masu sayar da furanni a ƙasashe da yawa suke laƙaba mata sunan, kuma kama da wane ba ta wane. Abin da ake gani kamar ganye siri-siri ma ba ganye ba ne, ƴan rassa ne da suka baje. Tana da ƴar'uwa, Asparagus setaceus, mai laushin gani sosai, wadda masu ƙawata wurin biki ke cusawa cikin furanni, ita ƴaƴanta baƙi suke zama in sun nuna.

Abin da ke cikinsu mai cutarwa sinadari ne na dangin saponin, mai kumfa in ya haɗu da ruwa. Irin danginsa ne ke cikin aduwa, wanda ya sa tun da can ake wanki da ɓawonta. In ya shiga cikin kare sai ya fusata bangon tumbi da hanji, a samu amai, zawo da murɗar ciki, musamman in ƴaƴan aka ci. In kuma fata ta daɗe tana gogar shukar, sai ta yi ja ta kama ƙaiƙayi. Nan aka gane asalin ƙurajen da aka ɗora wa ƙuma: kwikwiyon ya yi makonni yana kwance ƙarƙashin rassan, cikinsa da ba gashi sosai yana murza su. Ƙungiyar ASPCA ta Amurka mai yaƙi da zaluntar dabbobi, wadda aka kafa a New York a 1866 kuma take da jerin tsirrai masu cutar da dabbobin gida, ta sa wannan shukar cikin masu cutar da kare da kyanwa. A mafi yawan lokuta ciwon yana tsayawa a ciki da fata, ba ya kisa. Amma ƙaramin kare mai amai da zawo a zafin bazara, rashin ruwa kaɗai ya isa ya kai shi inda ba a so.

A jerin ƙungiyar, fujer na gaske da aka fi ajiyewa a gida suna ɓangaren marasa guba: Nephrolepis exaltata mai dogayen ganye kamar gashin tsuntsu, wadda ga dukkan alamu ita ce ta mutu wa Hajiya a hunturu, da Platycerium mai ganye kamar ƙaho, da Davallia. Rashin guba ba ya nufin abinci ce. Karen da ya cika cikinsa da kowane irin ganye zai iya amayarwa, sai dai abin ya tsaya nan. Akwai fujer na gaske mai illa, Pteridium aquilinum, wadda ke cutar da dawaki da shanu in sun daɗe suna kiwonta, amma ta dazuzzuka da tsaunuka masu damshi ce, ba wanda ke sayar da ita a tukunya a bakin titi.

Rarrabe su ba ya buƙatar boko. Fujer na gaske ba ta fure, ba ta ƴaƴa, ba ta da iri. Da wata irin ƙura take yaɗuwa, wadda ke taruwa a ƴan ɗigo-ɗigo ko layuka masu ruwan ƙasa a bayan ganyen da ya manyanta. Sau da yawa mata kan ɗauka ƙwari ne su kankare ko su yi feshi, alhali lafiyar shukar ce. Sabon ganyenta kuma a naɗe yake fitowa kamar gammo, ya riƙa warwarewa a hankali. Duk shukar da aka ce maka fujer ce, ka ga ta yi fure ko ƴaƴa, ko ƙaya ta karce ka in ka zura hannu cikinta, to wata aba ce daban.

Akwai dalilin da ya sa wannan rikicin ya fi shafar mu fiye da mutanen Legas ko Kwatano. Fujer na gaske damshin iska take so. Maraɗi ruwan shekara bai fi wajen milimita 500 ba, yawancinsa tsakanin Yuni da Satumba, sauran watanni iska a bushe take, ta hunturu ma har leɓe take fasawa. Ita kuwa Asparagus tana da fararen ƙululai a saiwarta masu ajiye ruwa, ko an manta da ita kwanaki sai ta jure. Don haka in mutum ya sayi tukwane biyu da suna ɗaya, yanayin garin da kansa zai tace masa: marar illar ta mutu, mai illar ta rayu ta yi ƴaƴa. Shi ma mai sayarwa abin da ba zai mutu a hannunsa ba zai fi ajiyewa. Ban ga laifinsa sosai ba, da sunan da aka sayar masa ya sayar. Ƙululan saiwa dai kada a dogara da su wajen tantancewa, don akwai fujer na gaske mai irinsu.

Abin da aka tarar a sauran tukwanen

Likita ya ce a turo masa hoton kowace shuka da ke gidan, kuma a nan ne aka ga abin da ya fi wanda aka zo da shi tayar da hankali.

A ƙofar falo akwai wata gajeriyar shuka mai kututture kamar na dabino da ganye masu tauri da sheƙi, wadda Hajiya ta saya da tsada. Cycas revoluta ce, asalinta kudancin Japan. Sabon ganyenta yakan fito da ƴan naɗe-naɗe, shi ya sa wasu ke haɗa ta da fujer, wasu da dabino, alhali ba ta cikin ko ɗaya. Kowane sashe nata yana da gubar da ake kira cycasin, ƙwayar irinta ta fi yawa, kuma ƙwaya ɗaya ko biyu na iya kashe kare. Tana farawa da amai kamar na kowa, har a ga kamar kare ya samu sauƙi, sai bayan kwana 2 ko 3 hanta ta gaza, ido da dasashi su yi rawaya, jini ya ƙi daskarewa. Da a ce inuwar bazara ta faɗa ƙofar falo maimakon bayan kicin, da labarin ya sha bamban.

Sai kariya, Adenium obesum, mai kumburarren gindi da furanni ruwan hoda da ke fitowa da rani. Wannan tamu ce, ba daga wata ƙasa aka kawo ta ba, kuma an daɗe da sanin ruwan jikinta a cikin abin da ake haɗa dafin kibiya. Gubarta zuciya take kamawa, ta rikita bugunta. Ɗacinta kan hana babban kare sake kusantarta, amma kwikwiyo mai famfara tauna yake yi kafin ya ji ɗaci. A bayan katanga kuma, inda ake fita da shi da yamma, ga tumfafiya da zurman sun fito da kansu, dukansu ba abin taunawa ba ne.

Shawarar da aka fi bayarwa ita ce a rataye shuka sama inda kare ba zai kai ba. Ga fujer na gaske wannan ya wadatar, har ma ya fi mata, don ba za a tone ta ba. Ga Asparagus kuwa bai magance komai ba: ƴaƴan in sun nuna zubowa suke yi, su gangara daidai inda kare yake. A gidan kuma akwai jika mai rarrafe, ita ma duk jan abin da ta gani baki take kaiwa.

Abin da aka yanke

Hajiya ba ta so rabuwa da shukarta ba, ta ce shekara nawa tana renonta. Ta nemi a riƙa tsinke ƴaƴan tun suna kore. Ɗanta ya ce: "Mama, wa zai riƙa bi kullum? Ran da aka manta fa?" Maganar jikar ce ta karya gardamar. Aka ba wata ƙawarta da ba ta da kare ko ƙananan yara, tare da gaya mata ko mece ce. Aka share gindin dogon yaro, aka tsince ƴaƴan da suka maƙale a tsagar siminti. Cikin mako 2 fatar cikin kwikwiyon ta washe, susa ta tafi.

Cycas ɗin an ɗauke ta zuwa shagon Alhaji. An sayo fujer na gaske guda, bayan ɗan gidan ya juya ganyenta a gaban mai sayarwa ya ga ɗigon ƙurar da idonsa. An rataye ta a lungun da ke tsakanin kicin da makewayi, inda rana ba ta faɗawa, ana yayyafa mata ruwa. Aka daina sa taki da feshi a duk tukunyar da igiyar kare ke kaiwa, aka samo masa babban ƙashin saniya wanda ba zai iya fasawa ba don ya rage wa takalma wahala.

Kariyar ce aka kasa daidaitawa a kanta. A ƙasa take ba a tukunya ba, kuma Alhaji ya ce mahaifinsa ne ya dasa ta, ba mai sare ta yana raye. Aka kira mai walda ya kewaye ta da ragar ƙarfe mai tsayin ƙugu, aka kafa ƙasan ragar cikin siminti don kada a tona ta ƙarƙashi. Furannin da iska ke kaɗowa waje kuwa an ɗora wa gardi sharewa kowace yamma kafin ya kwance karen.